Jan Kati da Rubu'in Eka: Tarihin Gasar Lambu a Ƙauyukan Ingila

Kowace shekara idan kaka ta yi, akwai Lahadi guda da gaban majami'armu yakan cika har a rasa wurin sa ƙafa. Wannan ya kawo damin gero, wancan kwandon gyaɗa, wata ta ɗauko kabewa a ka, wata kuma kaza da ƙafa a ɗaure. Mukan yi waƙa, mu yi addu'ar godiya, sa'an nan a yi gwanjon kayan domin aikin ikilisiya. Amma duk wanda ya daɗe yana tsayawa a gaban jama'a kamar yadda nakan tsaya, ya san akwai abin da ido yake yi a ranan nan wanda baki ba ya faɗa. Kowa yana satar kallon damin maƙwabcinsa, yana auna shi da nasa.

Mutanen Ingila ba su ɓoye wannan kallo ba. Sun keɓe masa rana tasa dabam, suka naɗa masa alƙalai, suka rubuta masa dokoki. A ƙauyukansu, tsakanin watan Yuli da Satumba, lokacin da kayan lambu suke nuna a ƙasarsu, akan kafa babban tanti a filin gari, kowa ya kawo abin da ya shuka da abin da ya gasa a gwada. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce wasa ne na mutanen da suka ƙoshi. Tarihin abin kuwa ya nuna dabam. A bayan ɗan katin da akan ajiye kusa da albasa akwai doguwar jayayya a kan ko talaka mai ƙwadago ya cancanci ya sami ɗan fili nasa, kuma a tsakiyar jayayyar akwai bayin ikilisiya.

Yadda ranar take

Tun da watanni 'yan kwamitin gari sukan buga ɗan littafi mai jerin rukunan gasa. Rukuni kaza albasa uku, rukuni kaza dankalin Turawa biyar, rukuni kaza wake shida, sa'an nan furanni, da zuma, da ƙwai, da burodi, da kek, da 'ya'yan itace da aka dafa da sukari aka zuba a kwalba, wanda suke kira jam. Yara ma suna da nasu rukuni. Wanda ya kawo albasa huɗu inda aka ce uku, an fitar da shi, ko da tasa ta fi ta kowa kyau.

Da sassafe masu gasa sukan jera kayansu a kan tebura. Sa'an nan a fitar da kowa, a rufe tanti, alƙalai su shiga. Sunan mai kaya a ɓoye yake, domin kada a duba fuska. Alƙali yakan karya wake ya ji ko ɗanye ne shar, ya yanka kek ya duba cikinsa, ya ɗanɗana. Ba girma kaɗai yake nema ba. Yana duba lafiyar abin, da tsabtarsa, da ko albasan nan uku sun yi kama da juna kamar 'yan uku. Da rana a buɗe tanti, mutane su ruga su ga inda aka ajiye jan kati, gama ja shi ne na ɗaya a yawancin wuraren. Kuɗin kyautar sau da yawa bai kai na irin da aka shuka ba, kofin azurfa kuwa akan mayar da shi baɗi. Duk da haka akwai dattijon da zai yi wata tara yana hidimar albasa uku saboda wannan kati.

Masaƙa da butar tagulla

Ba sarakuna ne suka fara gasar ba. Tun daga shekarar 1565 masaƙa 'yan Furotesta daga ƙasashen Holan da Beljiyam na yau suka fara zama a birnin Norwich, da yawansu sun gudo ne saboda tsanani a kan bangaskiyarsu. Akan ba da labari cewa sun zo da son furanni tare da su. A shekarun 1630 dai ana yin bikin masu furanni a wannan birni. A ƙarni na 18 irin wannan biki ya bazu a garuruwa da yawa. Masu sana'a sukan taru a mashaya, su ci abinci tare, a zaga da furanni hannu zuwa hannu, a zaɓi wanda ya fi. Kyautar takan zama cokalin azurfa, ko butar shayi ta tagulla wadda akan rataye a ƙofar mashaya kowa ya gani. Ƙungiyar masu furanni ta birnin York, wadda aka kafa a 1768, tana daga cikin waɗanda suka wanzu har zamaninmu. Ta Wakefield kuma, ta 1836, ta riƙe al'adar jera furanninta a cikin kwalaben giya marasa ado, shaidar inda abin ya samo asali.

Masaƙi yana aiki a gida, saboda haka yana iya tashi daga masaƙa sau goma a yini ya leƙa shukarsa. A arewacin Ingila masaƙan suka kama wani ɗan itace mai tsami da suke kira guzberi, wanda a daji bai fi 'yar magarya girma ba. Suka yi ta zaɓen iri, suna rage 'ya'yan da ke reshe domin ƙarfin itacen ya tattaru a kaɗan. A tsakiyar ƙarni na 19 gasar guzberi ta wuce ɗari a shekara, har da littafin da akan buga nauyin waɗanda suka ci. Masanin nan Charles Darwin ya yi amfani da wannan lissafi a littafinsa na 1868, ya nuna cewa a 1852 an sami guzberi mai nauyin kusan giram 58, wato ninki bakwai zuwa takwas na wanda ke daji. Talakawan da ba su shiga jami'a ba ne suka yi wannan aiki a bayan ɗakunansu. A ƙauyen Egton Bridge an kafa ƙungiyar guzberi a 1800, ranar gasarta kuwa Talata ta farko ta watan Agusta. A can ne a 2019 aka auna guda mai giram 64.83.

Manya sun biyo baya. Ran 7 ga Maris 1804 mutum bakwai suka taru a wani kantin littattafai a Landan, cikinsu da John Wedgwood da Sir Joseph Banks, suka kafa ƙungiyar aikin lambu wadda a 1861 aka ba ta sunan ƙungiyar sarauta. Ita ce mai babban nunin furanni na Chelsea, wanda aka fara a 1913. Amma wannan na masu hali ne. Leburan gona a ƙauye ba shi da abin kawowa, domin ba shi da inda zai shuka.

Ƙasar da aka yi wa shinge

A dā ƙauyukan Ingila da yawa suna da filin gama gari, inda talaka yakan kiwata saniya guda ko agwagi, ya yi itace, ya ɗan yi shuka. Sannu a hankali masu ƙasa suka riƙa zuwa majalisar dokoki suna samun izinin kewaye waɗannan filaye da shinge. Daga 1604 zuwa 1914 an yi irin wannan doka fiye da 5,200, aka killace eka wajen miliyan 6.8, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar Ingila. Mafi yawan wannan ya faru ne tsakanin 1750 da 1850. Amfanin gona ya ƙaru, gaskiya ne, amma talaka ya wayi gari ba shi da kome sai ƙarfin hannunsa. Mai karatun Littafi Mai Tsarki zai tuna da Nabot da sarki Ahab a 1 Sarakuna sura 21. Abin da Ahab ya so ya yi da gonar Nabot ma lambun ganye ne.

Yunwa ba ta da haƙuri. A 1830 leburorin gona a kudu da gabashin Ingila suka tashi, suka farfasa injunan sussuka da suka ƙwace musu aikin hunturu, suka ƙone tarin hatsi. Hukuma ta rataye mutum 19, ta kai kusan 500 gudun dole zuwa Ostareliya. Bayan wannan sai waɗansu masu ƙasa da limaman ikilisiya suka fara cewa, a ba lebura ɗan fili haya ya shuka dankali da kabeji, gama mai abin da zai yi hasara ba ya saurin kunna wuta. Manyan manoma da yawa kuwa suka ƙi. Dalilinsu a fili yake. Sun ce lebura zai ƙarar da ƙarfinsa a nasa filin ya zo musu a gajiye, zai saci taki, kuma wanda yake da dankali a ɗaki ba ya karɓar kowane irin lada da aka miƙa masa.

Limamin Hitcham

A nan ne labarin Rabaran John Stevens Henslow ya shigo. An haife shi a 1796. Shehun malami ne na ilimin tsire-tsire a jami'ar Kambirij, shi ne kuma ya ba da sunan ɗalibinsa Darwin domin tafiyar jirgin ruwan nan ta 1831. A 1837 aka ba shi ikilisiyar Hitcham, wani ƙauye a yankin Suffolk, a 1839 kuma ya kwashe iyalinsa ya koma can da zama. Ya tarar da jama'a cikin talauci da jahilci, masu zuwa sujada kuwa kaɗan ne. Ba a san shi da iya wa'azi mai motsa zuciya ba. Abin da ya iya shi ne ƙasa da abin da take fitarwa, da shi kuwa ya yi hidima.

Ya buɗe makaranta, yana koya wa 'ya'yan leburori sanin tsire-tsire da kansa. Ya shirya gasar huɗa. A 1843 ya gano cewa waɗansu duwatsu da ke gaɓar teku a Felixstowe suna da sinadarin da ake yin takin zamani da shi. Waɗansu suka yi arziki da wannan, shi bai nemi riba ba. A shekarun nan kuma ƙone-ƙonen rumbuna ya sake tashi a Suffolk, Henslow ya yi rubutu yana nuna cewa rashin aiki da rashin abinci ne tushen abin.

A 1849 ya yanka filaye rubu'in eka rubu'in eka, ya ba leburori haya. Manoman ƙauyen, waɗanda su ne manyan ikilisiyarsa, su ne kuma masu biyan haƙƙin liman, suka haɗa baki suka yi alkawari ba za su ba duk wanda ya karɓi fili aiki ba. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan. A ƙauye irin wannan, wanda manoma suka hana aiki ya ga ta kansa, shi da 'ya'yansa. Liman kuwa da waɗannan manoma zai zauna a kowane taron ikilisiya. Henslow bai janye ba. Ya fito fili ya gaya musu ba zai bar abin da ya fara ba, leburori suka riƙe filayensu, daga baya hamayyar ta mutu, filayen kuma suka ƙaru.

Shekara guda bayan haka, a 1850, ya kafa ƙungiyar aikin lambu ta leburori da masu sana'a, aka fara gasa sau biyu a shekara a farfajiyar gidan liman. Akwai kyauta domin alkama da dankali da albasa, da filin da aka fi kula da shi, da furannin daji da yara suka tsinko suka faɗi sunayensu. Yakan kafa tanti ya jera abubuwan ban mamaki daga ƙasashe dabam dabam, ya riƙa tara mutane yana yi musu ɗan bayani na 'yan mintoci a kan taki ko cutar alkama. Ya kuma riƙa ɗaukar mutanen ƙauyen a jirgin ƙasa zuwa Ipswich da Kambirij su ga duniya. Ya rasu a 1861.

A lura da jerin abin. Fili ya fara zuwa a 1849, gasa ta biyo a 1850. Gasar ita ce shaida a gaban kowa, har da manoman da suka ƙi, cewa mutumin da aka ce zai lalata fili ya fitar da albasar da ta fi tasu. Hausawa sun ce na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar. A Hitcham an ga cewa na duƙe yana ɗaga kan mai yinsa, in dai ƙasar da ya duƙa a kanta yana da rabo a ciki.

Bargo da furen wardi

Ba Henslow kaɗai ba ne. Rabaran Samuel Reynolds Hole, limamin Caunton, ya ba da labari a littafinsa na 1869 a kan furen wardi yadda ma'aikatan birnin Nottingham suka gayyace shi ya yi musu alƙalanci a lokacin Ista. Ya tafi yana shakka, domin a nasa lambun babu wardi ko ɗaya a wannan lokaci. Ya tarar da furanni masu kyau ƙwarai, waɗanda masu saƙa da leburori suka raina a 'yan ƙananan ɗakunan gilashi a filayen hayarsu. Ya kuma ba da labarin wani gida inda aka ga bargo ya ragu a gado a tsakiyar hunturu, ashe maigidan ne ya ɗauka ya rufe ɗakin gilashinsa kada sanyi ya kashe shukar. Hole ne ya shirya gasar wardi ta ƙasa ta farko a Landan a 1858. Ƙungiyar wardi da aka kafa a 1876, wadda ya zama shugabanta na farko, ta yi shekara 141 kafin ta rushe a 2017.

A cikin Landan kanta, inda talaka ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa, Rabaran Samuel Hadden Parkes ya fara gasar furannin tukunya a unguwar Bloomsbury a shekarun 1860, domin masu zama a ɗaki guda su shuka wani abu a bakin taga.

Sai dai gaskiya ta wajaba a faɗe ta duka. Ba kowane mai ba da kyauta ne ya yi domin ƙauna zalla ba. Da yawa sun ga gasar a matsayin linzami: a hana lebura zuwa mashaya, a sa shi ya zama mai ladabi ga manya. A Bloomsbury ma an haɗa gasar furanni da ta tsabtar ɗaki, wato sai an shiga ɗakin matalauciya an duba. A wurare da yawa akan raba rukunai, na masu gida da ma'aikatan lambunsu dabam, na talakawa dabam, sa'an nan matar mai ƙasa ta miƙa kyauta, talaka ya cire hula ya rusuna. Waɗansu filayen haya suna da sharaɗin zuwa sujada da barin aiki ran Lahadi, wanda ya saɓa a karɓe. Alheri ne, amma da igiya a wuyansa. Abin da ya yanke igiyar shi ne doka. A 1887 majalisa ta yi dokar filayen haya, a 1908 kuma ta ɗora wa hukumomin gari nauyin samar da su idan mazauna suka nema. Daga nan fili ya tashi daga kyautar mai hali, ya zama haƙƙi.

Mata, yaƙi da sukari

Teburin burodi da kek da jam ya ƙarfafa ne a ƙarni na 20, kuma mata ne suka ƙarfafa shi. An kafa ƙungiyar matan karkara a Kanada a 1897, ta iso Birtaniya a 1915, a wani ƙauye na tsibirin Anglesey a Wales, ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya. Ɗaya daga cikin manufofinta shi ne ƙara abinci, gama Birtaniya tana sayen abinci mai yawa daga waje, jiragen yaƙin Jamus na ƙarƙashin ruwa kuwa suna nutsar da jiragen da ke kawo shi. Kafin yaƙin ya ƙare a 1918 filayen haya sun kai wajen miliyan ɗaya da rabi.

A yaƙi na biyu, daga 1939 zuwa 1945, gwamnati ta yi kira ga kowa ya ɗauki fartanya, aka nome filayen wasa da na shaƙatawa. Matan karkara suka buɗe wuraren dafa 'ya'yan itace a ɗakunan taro da ɗakunan girki, gwamnati ta ba su sukari a ƙididdige, suka adana 'ya'yan itace fiye da tan 5,000 da dā za su ruɓe a ƙasa. Ba su da izinin ɗiban kome domin gidajensu, duk yana shiga rabon ƙasa. Ba a daina rabon sukari da kati ba sai 1953. Saboda haka idan alƙaliya ta ɗaga kwalbar jam tana duba ko ya daskare daidai, ko murfin ya kama, gadon zamanin da lalacewar kwalba guda hasara ce ta gaske take riƙe da shi. Dokokin kek ma haka suke da tsanani. Akwai wani mai suna na Sarauniya Biktoriya, wanda akan ba kowa awo iri ɗaya na gari da ƙwai da man shanu da sukari, domin a ga bambancin hannu kawai.

Inda kishi ya shiga

Mu da muke karanta Farawa sura 4 mun san cewa karo na farko da mutum biyu suka kawo amfanin aikinsu wuri ɗaya, aka karɓi na ɗaya, ba a karɓi na ɗayan ba, da jini abin ya ƙare. Gasar lambu ba ta tsira daga zuciyar Kayinu ba.

A arewa maso gabashin Ingila, yankin Durham da Northumberland, masu haƙar kwal suka shahara da wani ɗan'uwan albasa mai kaurin wuya da suke kira lik. Mutumin da ya wuni a cikin rami, da ya fito sai lambu. Kyautarsu ta fi ta ƙauyuka tsoka, har da kayan ɗaki. Da kyauta ta yi tsoka sai mugunta ta biyo. An sha wayar gari a tarar an bi shukar mutum da wuƙa, har ya zama al'ada masu gasa su kwana a lambu idan ranar ta matso. 'Yan kwamiti kuma sukan zaga tun da makonni su buga wa shukar hatimi, kada wani ya sayo a wani wuri ya ce tasa ce. A yankin Cheshire akan tsinke guzberi a gaban shaida, a sa a akwati, a ɗaure a manne da hatimi, ba a buɗewa sai a gaban ma'auni. Kowace doka a littafin gasa, idan ka bi sawunta, za ka tarar da ha'incin da ya haife ta.

Akwai kuma gasar girma zalla. A nunin kaka na Harrogate a 2023 an auna albasa guda mai kilo 8.97. Manomin Galmi, wanda albasarsa ta yi suna a kasuwannin Afirka ta Yamma saboda ɗanɗano da jimirin ajiya, zai yi dariya ya tambaya wace miya za a yi da ita. Yana da gaskiya. Abin da aka fara domin cika tukunya yana iya komawa na cika ido.

Tanti da bagade

Bikin godiyar kaka irin wanda muka sani a majami'u ya taso ne a zamani ɗaya da waɗannan gasa. A 1843 Rabaran Robert Stephen Hawker na Morwenstow, a yankin Cornwall, ya kira jama'arsa sujada ta musamman a farkon Oktoba domin a gode wa Allah saboda girbi. Al'adar ta bazu a ikilisiyoyin Ingila, masu mishan kuma suka ƙetare teku da ita. A ƙauyuka da yawa hannun da ya jera albasa a tanti a watan Agusta shi ne yakan kawo ta gaban bagade bayan 'yan makonni. A tanti akan tambaya wa ya fi. A gaban bagade ba a sa suna, ba a ajiye kati, domin mai shuka da mai ban ruwa duka sun san ba su ne suka sa iri ya tsiro ba. Ina ganin jama'ar da ta riƙe biyun nan tare ta yi hikima: ta ba ƙwazo ranarsa, ta kuma hana shi hawa bagade.

Gasar ta sha wuya a zamaninmu. Ma'adinan kwal sun rufe, ƙungiyoyin lik da yawa sun bi su. Gasar guzberi da ta wuce ɗari ta koma 'yan kaɗan. A 2020 annobar korona ta sa aka soke nunin Chelsea, karo na farko tun bayan yaƙin duniya na biyu, tantunan ƙauyuka ma ba a kafa su ba a wannan shekara. Amma da annobar ta lafa an sake kafa su, a birane da yawa kuma masu neman filin haya sun yi shekaru suna jiran layi.

'Yan'uwa, ban kawo wannan tarihi domin mu kwaikwayi Turawa mu riƙa auna albasa da ma'aunin zinariya ba. Na kawo shi ne saboda tambayar da Henslow ya yi a 1849 tana nan a ƙofarmu. Gonakin bakin gari ana yanka su fuloti ana sayarwa. A kowace ikilisiya akwai gwauruwar da dangin miji suka karɓe gona, da saurayin da ya gama makaranta yana zaune, da baƙon da rikici ko fari ya koro. Ran godiyar kaka sukan zauna a baya, hannu wofi, su kalli masu dami suna wucewa. Ikilisiyoyi da yawa kuwa suna da fili a bayan majami'a, wani ma har da rijiya, ciyawa ce kawai take cinsa.

Idan dattawan ikilisiya suka zauna shirin godiyar bana, bayan an gama maganar wanda zai yi gwanjo da wanda zai riƙe kuɗi, ya kamata wani ya tashi ya tambaya su wane ne ba su kawo kome bara ba, da kuma dalili. In dalilin rashin fili ne, to, a ɗauki igiya a je bayan majami'a a auna. Rubu'in eka ba shi da yawa, amma a Hitcham ya isa ya sa lebura ya tsaya kusa da mai gona a tanti ɗaya, kowa da albasarsa a gabansa.